Makonni shida a bakin Kwarin Dunfermline

A ƙarshen watan Mayun bara Allah ya sauki 'yata ta biyu lafiya a ƙasar Sikotland, inda take zaune da mijinta da ɗansu na fari, sai ya zama wajibi mahaifiyarta ta je ta kula da ita a kwanakin jego kamar yadda aka saba a gida. Ni kuma na raka ta, da niyyar in yi mako biyu in dawo Kaduna, amma sai da na cika makonni shida. Tun da na dawo abokai suke tambayata abin da na gani, wasu suna so in ba su labarin manyan kantuna, wasu kuma labarin filayen ƙwallo. Gaskiyar magana ita ce mafi yawan kwanakina a can na yi su ne ina tafiya a ƙasa, tsakanin tituna biyar ko shida da wani lambu guda ɗaya, kuma abin da na gani a wannan ɗan yanki shi ne ya tsaya mini a rai har yau.

Sunan garin Dunfermline, yana yankin Fife, a arewacin wani faffaɗan bakin ruwa da ake kira Forth, inda kogi yake haɗuwa da teku. Daga Edinbara, babban birnin ƙasar, tafiyar kimanin rabin awa ce a jirgin ƙasa, kuma jirgin yana bi ne ta kan wata jar gadar ƙarfe da aka buɗe a 1890, wadda har yanzu take aiki kowace rana. Idan mutum ya leƙa ta taga zai hango wasu gadoji biyu na motoci a jere da ita, ɗaya ta 1964, ɗaya ta 2017. A 2022 aka ɗaga darajar Dunfermline zuwa matsayin birni, amma a idon wanda ya fito daga Kaduna ƙaramin gari ne, wanda za a iya ratsa tsakiyarsa a ƙasa kafin shayi ya huce.

Gidan da 'yata take haya yana wani layi a yammacin gari, ba nisa da titin Pittencrieff. Gidajen layin na dutse ne mai launin toka, a manne da juna kamar haƙora, kowane da rufin fallayen dutse da bututun hayaƙi a samansa, domin a dā da kwal ake ɗumama ɗakuna, kuma yankin Fife ya daɗe yana haƙar kwal. Har yanzu titin da ya bi ta yammacin lambun da zan ba da labarinsa sunansa titin kwal ne a harshensu. Abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne katanga. A unguwarmu idan mutum ya sami fili, katanga yake fara ginawa, ya ɗaga ta ta wuce tsayinsa, ya kafa mata ƙusoshi ko waya mai ƙaya, sannan ya fara tunanin ɗaki. A can katangar gaban gida da ƙyar take kai wa mutum ƙugu, a wasu gidajen ma shingen ganye ne da ake aske shi da almakashi, kuma a bayansa akwai ɗan fili wanda bai fi tabarma uku ba, an shuka furanni a ciki. Ban ɗauki wannan a matsayin sun fi mu hankali ba, domin mu ma ba don sha'awa muke tsawaita katanga ba, tsoro ne da kuma suturta iyali suka sa mu. Sai dai na lura cewa inda katanga ta yi ƙasa, titin yakan zama na kowa, domin idanun gidaje suna kansa.

Abu na biyu shi ne hanyar masu tafiya a ƙasa. Kowane titi, komai ƙanƙantarsa, yana da dakali a gefe biyu wanda aka ware wa mai ƙafa, kuma a kowace mahaɗa an kwantar da bakin dakalin yadda keken jarirai ko keken guragu zai sauka ba tare da an ɗaga shi ba. Ruwan sama yana bi ta ƙarƙashin ƙasa, babu buɗaɗɗiyar kwata da za ka tsallaka. Na tura keken jikata tun daga ƙofar gida har tsakiyar gari ban taɓa sauka kan kwalta ba sai a wurin tsallakawa. Duk wanda ya taɓa riƙe hannun yaro ya bi gefen titi a Tudun Wada ko Kawo da yamma, yana kauce wa Keke Napep ta dama, yana kauce wa kwata ta hagu, ya san darajar abin da nake faɗa.

Lokacin da muka je rana ba ta son faɗuwa. A ƙarshen Yuni sai bayan ƙarfe goma na dare take ɓacewa, kuma kafin ƙarfe biyar na safe ta sake fitowa, har ma tsakanin nan sararin sama ba ya yin baƙi ƙirin. Jadawalin masallacin garin da ke titin Woodmill muka riƙa bi wajen sallolin Isha'i da Asuba, domin idan mutum ya ce zai jira jan shafaƙi ya ɓace kamar yadda ya saba a gida, zai daɗe yana jira. Wannan doguwar rana ce ta ba ni damar yawo. Bayan La'asar sai jikana, yaro ɗan shekara huɗu, ya ɗauko takalminsa ya tsaya a bakin ƙofa, mahaifiyarsa ta ce, "Baba, abokinka yana jiranka, amma don Allah ku tafi da rigar ruwa." Ba ta taɓa yin kuskure a kan rigar ruwan ba, domin a can za ka fita da rana tas, kafin ka kai ƙarshen layi yayyafi ya sauko, sannan ya ɗauke kamar ba a yi ba.

Sunan lambun a takarda Pittencrieff, amma ban ji ɗan gari ko ɗaya ya kira shi haka ba. Kowa cewa yake yi Glen, wato kwari a bakinsu, shi ya sa ni ma a gida na riƙa ce masa Kwari. Faɗinsa eka 76 ne, kuma yana manne da tsakiyar gari, har babban titin kasuwa idan ka bi shi ka gangara yamma, a ƙofar lambun zai ajiye ka. Ƙofar ta baƙin ƙarfe ce mai ado da ruwan zinariya, an sa mata sunan Louise, matar Andrew Carnegie, attajirin da ya ba da lambun. Babu mai karɓar kuɗi a bakinta, babu tikiti, babu mai tambayarka daga ina kake. A ranar farko na tsaya ina laluben aljihu, sai surukina ya ce, "Baba, mu shiga, nan ba a biya, kuma ba a taɓa biya ba tun da aka buɗe shi ga jama'a."

Daga ƙofa fili ne shimfiɗaɗɗe mai ciyawa kore shar, wadda ake yankewa daidai kamar dardumar masallaci, da manyan itatuwa a warwatse, waɗansunsu mutum biyu ba za su iya rungume gindinsu ba. Akwai wurin wasan yara da lilo da abin zamiya, akwai wani tsohon kan jirgin ƙasa mai aiki da kwal da aka ajiye don kallo, akwai ɗakin gilashi inda ake rainon tsirran ƙasashe masu zafi, wanda nakan shiga in tsaya na ɗan lokaci don jikina ya tuna da gida. Kuregu masu launin toka sun saba da mutane har sukan zo gaban yaro su tsaya da ƙafa biyu suna jiran gyaɗa. Akwai kuma ɗawisu, waɗanda suka fi shekara ɗari ana kiwon su a lambun, kuma mutanen gari suna ji da su ƙwarai. Ranar da ɗaya ya buɗe jelarsa a gabanmu, jikana ya ƙanƙame ƙafata, ni kuma na samu kaina ina ta tasbihi a bayyane.

Amma duk wannan saman lambun ne. Asalin abin yana ƙasa. Idan ka bar filin ciyawa ka bi wata siririyar hanya, sai ƙasa ta tsage a gabanka, ka gangara cikin wani kwazazzabo mai zurfi wanda ƙaramin rafi yake gudana a gindinsa. Itatuwa sun haɗe kai a sama har hasken rana sai ɗigo-ɗigo yake sauka, duwatsu duk sun lulluɓe da gansakuka, ƙasa tana ƙamshin danshi irin na ranar da aka yi ruwan farko a gida, sai dai a can ƙamshin ba ya tafiya. Da ka sauka taku talatin ƙarar motoci ta yanke, ba ka jin komai sai ruwa da tsuntsaye, alhali kuwa kantuna da bankuna suna bisa kanka, tafiyar minti biyar. Akwai wata gadar dutse mai hawa biyu, baka a kan baka, wadda idan ka tsaya a ƙarƙashinta ka ɗaga kai za ka hango bangon tsohuwar fadar sarakuna yana leƙo ka ta cikin ganye. A nan na fi zama. Akwai wani benci kusa da ruwa wanda na mayar da shi wurin lazimina na yamma, yaro yana jefa tsakuwa a rafi, ni ina jan carbi.

Garin tsoho ne ƙwarai, kuma tarihinsa a bakin wannan kwarin ya taru. A kan wani tudu cikin lambun akwai kufan hasumiyar da ake dangantawa da Sarki Malcolm na Uku, wanda ya auri Sarauniya Margaret a nan wajajen shekarar 1070. Ita wannan sarauniya an san ta da ibada a addininsu da ciyar da matalauta, kuma ita ta sa aka riƙa tsallakar da masu ziyara a kwale-kwale ta bakin ruwan Forth, shi ya sa har yau garuruwa biyu da ke gindin gadojin nan suke ɗauke da sunan mashigin sarauniya. Ɗanta, Sarki Dauda na Ɗaya, shi ya ɗaukaka majami'ar da ke gabashin kwarin a 1128, kuma a cikinta aka binne Robert Bruce, sarkin da suka fi alfahari da shi, wanda ya rasu a 1329. An sassaƙa sunansa da manyan haruffan dutse a saman hasumiyar majami'ar, ana iya karanta shi daga nesa. A fadar da ke gefe, wadda yanzu bango ɗaya ne mai tsawo ya fi fitowa daga cikinta, aka haifi Sarki Charles na Ɗaya a 1600. Na zagaya waɗannan wurare daga waje, na karanta allunan da aka kafa, kuma abin da na ɗauka shi ne ba su rushe tsohon abu don sun sami sabo. A titin Maygate akwai wani gida mai launin ruwan hoda wanda ya haura shekara ɗari huɗu, ana ta gyara shi ana amfani da shi. Na tuna ganuwar Zariya da ta Kano, da yadda ake ɗibar ƙasarsu ana buga tubali, raina ya ɓaci.

Labarin yadda lambun ya zama na jama'a shi ne ya fi taɓa ni, kuma dalilin yana da alaƙa da gidanmu. A ƙasan gari, a titin Moodie, akwai wani ɗan ƙaramin gida na dutse inda aka haifi Andrew Carnegie a 1835. Mahaifinsa masaƙi ne na hannu, yana saƙa yadin lilin mai zane a jikinsa irin na shaddarmu, wanda garin ya yi suna da shi. Masaƙar tana ƙasa, iyali suna kwana a ɗaki ɗaya a sama. Da injinan saƙa suka shigo, sai aikin hannu ya mutu, kuma a 1848 iyalin suka ci bashin kuɗin jirgi suka yi hijira zuwa Amurka. Yanzu gidan ya zama wurin tarihi, an ajiye masaƙar hannu a ciki. Na daɗe a tsaye a gabanta. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi shekaru fiye da ashirin yana aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, a zamanin da jiniyar canjin aiki take tashin unguwa guda, kekuna su cika titi kamar fari. Masaƙa ta farko a Kaduna ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo baya, har aka san garinmu da yadi a faɗin ƙasar nan, sannan a farkon shekarun 2000 suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Na san yadda gida yake zama idan sana'ar uba ta mutu yana raye, na san shirun da yake sauka a tsakar gida. Saboda haka ban kalli wannan ɗaki a matsayin baƙo ba.

A lokacin ƙuruciyar Carnegie, Kwarin mallakar wani gidan masu ƙasa ne da ake kira Hunt, an kewaye shi da katanga. Dangin mahaifiyarsa, zuriyar Morrison, suna cikin waɗanda suka yi ta jayayya da mai ƙasar a kan haƙƙin jama'a na shiga su ga kufan fada da na majami'a, har mai ƙasar ya yi umarni kada a bar wani ɗan Morrison ya taka wurin. Wannan hani ya shafi yaron, sai ya tashi yana hangen kan itatuwan daga waje. Ya je Amurka ya fara da aikin zare a masaƙa, ya koma kai saƙon waya, ya shiga kamfanin jirgin ƙasa, daga ƙarshe ya mallaki masana'antun ƙarfe a birnin Pittsburgh, waɗanda ya sayar a 1901 ya zama ɗaya daga cikin mafiya arziki a duniya. A 1902 ya sayi Kwarin gaba ɗaya, a 1903 ya miƙa shi ga mutanen garin. Shi da kansa ya rubuta cewa a duk kyautar da ya yi a rayuwarsa babu wadda ta kwanta masa a rai kamar wannan. Wani abin mamaki kuma, tsohon gidan da ke tsakiyar lambun shi ne gidan su Janar John Forbes, sojan da ya raɗa wa Pittsburgh suna a 1758, tun kafin a haifi ɗan masaƙin da zai je can ya yi arziki.

Ba zan wanke mutumin tas ba. A 1892 an yi yajin aiki a masana'antarsa ta Homestead a kan rage albashi, aka kawo masu bindiga, aka rasa rayuka, aka karya ƙungiyar ma'aikata. Ɗan ma'aikacin masaƙa ba zai karanta wannan ya wuce ba. Kuɗin da ya sayi ciyawar da jikana yake gudu a kanta, gumin waɗansu mutane ne da suke tsayuwar awa goma sha biyu a gaban wuta, kuma hisabin wannan yana wurin Allah. Na riƙe wannan a zuciyata duk lokacin da na wuce mutum-mutuminsa da aka kafa a lambun a 1914.

Duk da haka akwai abin da ya yi daidai, kuma shi ne abin da na fi so masu hali a cikinmu su ji. Bai ba da fili ya juya baya ba. Ya kafa kwamitin amintattu daga mutanen garin, ya ajiye musu jarin fam dubu 500 wanda ribarsa za ta riƙa kula da lambun da sauran ayyukan jin daɗin jama'a, kuma ya rubuta musu cewa manufarsa ita ce a shigar da ɗan daɗi da haske cikin rayuwar talakawa masu aikin wahala. Kwamitin ya nemi shawarar masana tsara gari, ciki har da Patrick Geddes, wanda ya fitar da rahotonsa a 1904. Wannan kwamiti yana nan har yau, kuma hukumar yankin Fife tana aikin kula da lambun na yau da kullum. Da na fahimci tsarin sai na ce a raina, ai wannan wakafi ne, mu muka fi kowa sanin sa. Malamanmu sun karantar da mu labarin rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya ya bar wa jama'ar Madina, da gonar Khaibar da Sayyidina Umar ya tsayar da asalinta ya yi sadaka da amfaninta. Muna gina masallatai, alhamdu lillahi, wani lokaci uku a layi ɗaya, muna haƙa rijiyoyin burtsatse. Amma ban cika jin attajiri ya sayi fili a tsakiyar unguwa ya ce an haramta gini a kansa har abada, na yara ne da tsofaffi da inuwa, ga kuma shaguna biyu can da hayarsu za ta biya mai shara da mai ban ruwa ba. Rabin na biyun nan shi ne wanda muke mantawa, shi ya sa abubuwa da yawa da aka buɗe da kiɗa da jawabi sukan koma juji bayan damina uku.

Carnegie ne kuma ya gina wa garin ɗakin karatu, wanda aka buɗe a 1883, na farko a cikin fiye da 2,500 da kuɗinsa ya gina a duniya. Yana nan kusa da majami'a, an faɗaɗa shi, kuma daga tagoginsa na sama ana ganin makabarta da hasumiya. Can na riƙa fakewa idan ruwa ya yi ƙarfi.

A gabashin gari akwai wani lambun, wanda yake kan tudu kusa da tashar jirgin ƙasa, ba shi da kwari ko ɗawisu, ciyawa ce kawai da itatuwa da rumfar makaɗa, amma daga samansa idan gari ya washe ana hango gadojin nan uku da tsaunukan da ke bayan Edinbara. Sau biyu kuma surukina ya kai ni wani tafki a arewacin gari, a Townhill, inda hanya ta zagaye ruwa ta shiga daji. A nan ya gaya mini cewa tun 2003 dokar ƙasar ta ba kowa damar ratsa mafi yawan filaye da dazuzzuka da bakin ruwa a ƙasa, ko da mallakar wani ne, muddin bai yi ɓarna ba, bai tattaka shuka ba, bai kuma shiga harabar gida ba. Shekara ɗari cif bayan an buɗe Kwarin ke nan. Wannan ma bai zame mini baƙon abu ba, domin a ƙauyen kakannina akwai burtali da hanyar rafi da gindin tsamiya waɗanda kowa ya san ba a shinge su, ko da ba a rubuta a ko'ina ba.

Akwai abin da ban so ba, kuma zan faɗe shi. Titunan nan masu tsabta shiru ne da su fiye da kima. Ba za ka ga dattawa sun shimfiɗa tabarma a ƙofar gida bayan La'asar ba, babu mai shayi, babu majalisa, babu yaron da zai rugo ya karɓi kayan hannunka. Mutane suna da fara'a, sukan gaishe ka su yi maganar ruwa ko rana, amma gaisuwar a nan take ƙarewa. Wani dattijo da nake yawan tararwa a benci ɗaya kusa da lambun furanni ya gaya mini matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna nesa, kuma yakan wuni bai yi magana da kowa ba in ban da karensa. Na ji tausayinsa ƙwarai, na kuma gode wa Allah da irin zaman da muke yi, inda ko ba ka so sai an leƙo an tambayi lafiyarka. Karnukan ma sun dame ni da farko saboda tsarkin tufafi, duk da cewa mafi yawansu suna ɗaure da igiya, kuma masu su suna kwashe ƙazantarsu a leda. A babban titin kasuwa na ga shaguna da dama a rufe, a daren Asabar kuma akwai hayaniyar mashaya wadda ta sa ban sake bi ta nan da dare ba. Amma na lura da cewa shi wannan dattijo, da babu lambun, da ba shi da inda zai je ya ga fuskar ɗan Adam ba tare da ya kashe kuɗi ba. A jikin bencina da dama akwai ƙananan alluna na ƙarfe da sunayen mamata, iyalansu ne suka biya aka kafa bencin don mai wucewa ya huta.

Kaduna ba ta rasa abin da za ta yi irin wannan da shi ba. Muna da kogi wanda rafin Dunfermline ko kusa da ƙafarsa bai kai ba. Muna da lambun Ƙofar Gamji a bakin ruwa, da 'yar gadar ƙarfen Lugga da aka fara kafawa a Zungeru a 1904 kafin a ɗauko ta zuwa nan, inda mahaifinmu yakan kai mu ranar yawon Sallah mu tsaya a kanta a ɗauke mu hoto. Muna da dandalin Murtala, muna da tsofaffin titunan Unguwar Rimi da Unguwar Sarki inda maɗaci da mangwaro da darbejiya suka haɗe kai suka yi rumfa, waɗanda wasu da ba mu san su ba suka shuka, ba su kuma zauna a inuwarsu ba. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne ɗan fili kusa da gida, wanda tsoho zai iya isa da sandarsa, mai jego ta iya isa da goyonta, ba sai an hau mota ba. A unguwar da na tashi akwai filaye uku da muke buga ƙwallo muna yara. Ɗaya ya zama jerin shaguna, ɗaya an yanka shi fuloti-fuloti, kuma ban ga ranar da aka tara mu aka tambaye mu ba, ni ma ban buɗe baki na ce komai ba a lokacin.

Na ukun yana nan, bayan makarantar firamare, ana zubar da shara a kusurwarsa ta gabas. Mako biyu da dawowata na je gaida mai unguwa, na ce masa, "Ranka ya daɗe, filin nan na bayan makaranta, in ba mu tashi ba shi ma zai tafi." Ya yi shiru, sannan ya ce in zo da dattawan masallaci ranar Asabar bayan La'asar. Mun zauna sau uku zuwa yanzu. An rubuta takarda zuwa ga hukuma ana neman a tabbatar da filin a matsayin na al'umma, kowa ya sa hannu, matasan da suke ƙwallo a wurin sun kwashe sharar a ranaku biyu, kuma wani ɗan kasuwa a cikinmu ya yi alkawarin hayar shagonsa ɗaya ta shekara don a biya mai ban ruwa da rani. Mun dasa darbejiya goma sha biyu da mangwaro huɗu a gefen yamma kafin ruwa ya ɗauke, muka kewaye kowace da ƙaya saboda awaki. Uku sun bushe a cikin hunturu, sauran sun kama, kuma ranar Talata da Juma'a ni ne mai duba su bayan sallar Asuba.